Harsunan da Ke Gushewa

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci a kan harsunan da ke gushewa a duniya. Daga cikin harsuna kusan 7,000 da ake magana da su, hukumar UNESCO ta ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari suna cikin haɗari. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda mutuwar take zuwa sannu a hankali: kaka ta yi wa jikanta magana da harshen iyayenta, shi kuwa ya amsa mata da wani harshen, har ranar da za a kai ta makwancinta da kalmomin da babu wanda ya gada. Harshen Ubik ya tafi a 1992 da rasuwar Tevfik Esenç, mutum na ƙarshe da ya iya shi sosai, a Turkiyya, duk da cewa masana sun naɗi muryarsa tun yana raye.

Al'ummar Maori ta New Zealand ta bi wata hanya. A 1982 ta buɗe gidajen renon yara inda dattawa ba sa yi wa yaran magana sai da Maori, kuma a 1987 harshen ya zama na hukuma. Ina fata jaridarku za ta yi mana cikakken rahoto a kan wannan tsari.

Naku,
Mai karatu