Jan tauraron hunturu ba zai ƙone duniya ba

Ranka ya daɗe Edita,

Sanyi na shigowa ake sake yaɗa saƙo a WhatsApp cewa tauraro Betelgeuse na dab da fashewa ya hallaka duniya. Muna roƙon fili mu warware wannan batu, domin ana tsorata mutane a banza.

A Janairu, bayan sallar isha'i, duk wanda ya ɗaga kai a Kano zai ga taurari uku a jere, gabas da Kaza da 'Ya'yanta. Mai jan hasken nan a arewacinsu shi ne Betelgeuse. Jan nasa alamar ƙarancin zafi ce, kamar ƙarfe a maƙera da ke yin ja kafin ya yi fari: fuskarsa na da zafin digiri kusan 3,300 a ma'aunin Celsius, ta rana kuwa 5,500. Faɗinsa ya ninka na rana fiye da sau 700. Da a gurbin rana yake, da ya haɗiye duniya har da Mars. Amma nauyinsa bai wuce na rana 15 zuwa 20 ba, wato jikin nasa a kumbure yake, bai kai iskar da muke shaƙa kauri ba.

Nisansa ma sai an yi hattara. Don gano nisa, ana auna ɗan gocewar da tauraro ke yi a idonmu yayin da duniya ke kewaya rana, to faɗin fuskar wannan ya fi gocewar girma sau da yawa. Shi ya sa lissafi ke yawo tsakanin tafiyar haske ta shekara 500 da 700.

Gaskiya ne ya dusashe daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020. Iskar gas ya fitar, ta huce ta zama ƙura ta tare haskensa, daga baya ya dawo. Fashewa kam zai yi, amma cikin shekaru 100,000 masu zuwa, kuma a wannan nisa abin da zai iso mu haske ne kawai, har da rana tsaka a gan shi.

Mai son dubawa ya fita bayan gari, ya kashe fitilar waya, ya ba idonsa minti 20. Ya jira tauraron ya hau sama sosai, sannan ya kwatanta shi da Rigel, farin da ke kudu da taurari ukun. Idan duka biyun sun dusashe, hazo ne.

Wasu malaman kimiyya,
Kano