Ayalan ta adana tarihin yunwarta, mu ina namu yake?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wasu hotuna da ɗan ƙanena mai karatu a Dablin, babban birnin Ayalan, ya turo mini, daga gidan baje kolin tarihin babbar yunwar ƙasar Ayalan da ke garin Strokestown.

Yunwar ta faro a 1845, lokacin da cuta ta faɗa wa dankalin turawa, cimar talakan ƙasar safe da yamma, kuma ba ta lafa ba sai wajen 1852, bayan ta kashe kimanin mutum miliyan 1, fiye da miliyan 1 kuma sun yi hijira. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, a cikin waɗannan shekaru jiragen ruwa ba su daina kwasar hatsi da shanu daga ƙasar zuwa Ingila mai mulkinta ba. A gidan tarihin an ajiye takardun koke da manoma 'yan haya suka aika wa mai gonakin suna neman aiki da abinci. A 1847 aka tasa ƙeyar mutum 1,490 a ƙafa daga Strokestown zuwa Dablin, tafiyar kilomita 165, daga nan sai jirgin ruwa zuwa Liverpool a Ingila, sannan zuwa Kanada, ɗaruruwa suka mutu. Yau an girke takalman yara na tagulla a bakin wannan hanya, kuma hotonsu na fi daɗewa ina kallo.

Daga Gadarif ta Sudan nake rubuto maka, ƙasar dawa da riɗi, inda na ga dattijuwar da yaƙi ya koro daga Wad Madani tana layin takiyya, wato wurin rabon abincin sadaka, da kwano ɗaya saboda jikoki huɗu. A watan Agusta na 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur. Mun ji labarin yunwar Sanat Sitta ta 1306 Hijiriyya a bakin kakanni, mun ga ta 1984 da idonmu, dattawan Kano kuma suna ambaton yunwar Kakalaba, amma masu riƙe da waɗannan labarai suna ta komawa ga Allah da su.

Don haka ina roƙon jaridarka ta ware shafi, ko sau ɗaya a wata, ta tura wakilanta su rubuta bayanin tsofaffi da 'yan gudun hijira: sunan garinsu, farashin mudu a lokacin, da abin da suka ci suka rayu. Ni zan fara tattara na unguwarmu.

Naka,
Mai karanta ku daga Gadarif, Sudan