Sanarwa: darasin fentin gilashi ranar Asabar

Salamu alaikum ƴan uwa. Asabar ɗin nan bayan la'asar za mu ci gaba da darasi a Aboabo, inda muka saba. Kowa ya zo da gilashinsa a wanke tas, da buroshi da takunkumi.

Fentin nan garin gilashi ne haɗe da tsatsar ƙarfe, ana kwaɓa shi da ruwa da ɗan ƙaro kaɗan. In ƙaron ya yi yawa, kankare fentin bayan ya bushe don fitar da zane sai an sha wahala. Ba ya kama gilashi sai an gasa shi a tanderu, wajen digiri 650.

Don Allah kada wanda ya buɗe tanderu da zafinsa, haka gilashi biyu suka tsage mana makon jiya. Ban da cin abinci wurin aiki, wani fentin akwai dalma a ciki.