Zuwa Ga Alhajin Da Ya Tambaye Ni Iyakar Tsakiyar Birnin Katsina

Assalamu alaikum, Alhaji.

Tambayar da ka jefo mini a gidan rediyo, lokaci bai bari na amsa ta yadda ya kamata ba. Cewa ka yi: in gwamnati za ta yi wa masu sabunta gine-gine a tsakiyar gari rangwamen haraji, a ina za a ja layi? A tsaya a ganuwa, ko a miƙe har hanyar Kano da hanyar Dutsin-Ma, inda ka ce kasuwanci ya koma? Ka ƙara da cewa ganuwar ma ai ta zama tarihi.

Ni dai a ganuwa na tsaya, kuma a cikinta ma ba ko'ina ba.

Rangwamen haraji kuɗi ne da baitulmali ya haƙura da su, waɗanda da an karɓa da sun gina magudanar ruwa ko ajin makaranta. Ba a haƙura da irin wannan kuɗi sai a inda mai jari ba zai shiga ba in ba a lallashe shi ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987 gari ke tsallake ƙofofi yana yin waje. Fita ta Ƙofar Ƙaura ka duba: gidajen mai, filazoji, benaye, ba wanda aka roƙa kafin ya zuba bulo. Ga gadar ƙasa an yi a can, an yi a Ƙofar Ƙwaya, filaye sun ƙara tsada. A sake yafe wa wannan yanki haraji, an ƙara wa Barno dawaki ke nan. Haka bakin titin IBB, shi ma zan cire shi.

Amurka ta gwada wannan a dokar harajinta ta 2017. Gwamnonin jihohi suka zaɓi unguwanni sama da 8,000 da ake yi wa masu zuba jari a cikinsu sassauci. Babban ƙorafin da ya biyo baya shi ne kuɗin sun fi kwarara zuwa unguwannin da dama can sun fara bunƙasa, waɗanda aka yi dokar dominsu suka zama 'yan kallo.

Yanzu shigo lungunan Gafai, Masanawa ko Yarinci da damina. Za ka ga zauren ƙasa da azararsa ta lanƙwashe an tokare ta da itace, katanga ta tsage an jingina mata tsohon kwano, indararo na zuba a lungun da Keke Napep ba ya iya shiga. Ba lalaci ya hana gyara ba. Gidan gado ne, magada sun yi yawa, wasu na Kaduna wasu na Legas, kuma ba shahadar mallaka. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, shi ke ba da wannan takarda, banki kuwa da wuya ya ba ka rance a kan gida ba tare da ita ba. Mutumin da ba ya cikin rajista, me za ka rage masa? Saboda haka rangwamen da zai yi aiki a nan shi ne a yafe kuɗin fitar da shahada, a yafe kuɗin amincewa da zanen gini a hukumar tsara birane, a jinkirta karɓar kuɗin ƙasa na wasu shekaru ga duk wanda ya gyara. Harajin gidaje kuma, tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya bai wa, don haka dole Ƙaramar Hukumar Katsina ta zauna a teburin. In aka ja layin yadda kake so, sai an shigo da Ƙaramar Hukumar Batagarawa, magana ta ƙara tsawo.

Gaskiyarka, ganuwa ta zube a wurare da yawa, an yi gini a kanta. Amma Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri da Ƙofar 'Yanɗaka suna nan, yaro ma ya san su. Amfaninta ke nan a wurina: iyaka ce da ba wani jami'i da zai lanƙwasa ta don filin abokinsa ya faɗo ciki. Duk layin da aka zana sabo a ofis, ka san yadda ake yi da shi.

Abin da ke hana ni barci shi ne kada rangwamen ya zama tsanin raba mutane da gidajen kakanninsu. Mai kuɗi ya saye gida uku a jere, ya rushe, ya ɗora bene, ya ci rangwame, iyalan su koma haya a bayan gari. Don haka a sa sharaɗi: mai gidan da ke zaune a ciki shi ne a gaba, wanda ya sayar cikin 'yan shekaru ya mayar da abin da aka yafe masa, kuma a ƙayyade tsawon bene kusa da Hasumiyar Gobarau da fadar Sarki.

Ku 'yan kasuwar waje kuna da haƙƙinku, Alhaji: kwalbati, wurin ajiye motoci, fitilun titi. A kan waɗannan ina tare da ku. Kuma duk ranar da za a yi wannan doka, mu haɗu mu nemi a liƙa taswirar a ƙofar gidan kowane mai unguwa kafin Majalisar Dokokin Jiha ta zauna a kanta.

Allah ya ƙara buɗi. A gaida iyali.