Godiya ga ma'aikatan jinya na Asibitin Ƙashi na Dala

Assalamu alaikum.

A madadin iyalanmu, ina miƙa godiya ga ma'aikatan jinya na ɗakin maza a Asibitin Ƙashi na Dala, Kano, bisa ɗawainiyar da suka yi da mahaifinmu bayan tiyatar ƙugu. Santsi ne ya kwashe shi a banɗaki ƙashin ya karye, ga shekaru sun haura 70.

Baba irin dattijan nan ne da ba a jin wash a bakinsu. Ko ciwo na cin ransa, in ka tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Nas-nas ɗin ba su tsaya a nan ba. Da allurar kashe zafi ta sake shi, wata sista ta ce, "Baba, daga sifili zuwa goma, zafin ya kai nawa?" Ya ce biyu, alhali gumi na karyo masa, ya damƙe zanin gado. Ta auna bugun zuciyarsa da jininsa, ta sanar da likita. Daga ranar, maganinsa a kan lokaci yake zuwa, ba sai zafi ya taso ba.

Da muka ji an ambaci tiramadol, gabanmu ya faɗi. Duk Bakano ya san ɓarnar da shi da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Ba su ga wautarmu ba. Suka zaunar da mu suka ce gwargwado likita ya rubuta, na kwanaki kaɗan, ana haɗa shi da farasitamol don kada a buƙaci mai yawa. Suka ƙara da cewa wanda aka bari da zafi ba ya iya jan dogon numfashi, ba ya tari, ba ya motsi, ta nan limoniya ke shiga, jini kuma ya daskare a jijiyar ƙafa. Shi ya sa ko masu gashin ƙashi za su zo tayar da shi, sai an fara ba shi magani tukuna.

Masu aikin dare kuwa, sai dai Allah Ya biya su. Suna juya shi a kai a kai, mu da muke jinya ma wani lokacin barci ya sace mu. Har aka sallame shi ba ko ɗigon gyambon kwanciya a bayansa.

Yanzu yana takawa da sanda zuwa zaure. Muna roƙon hukumar asibitin ta isar musu da wannan saƙo. Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan mahaifansu.

Wassalam,
Ɗan majinyacin, daga Kano