Zuwa ga abokan cinikinmu masu tsofaffin motocin injekta

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan'uwanmu direbobin haya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya mako ya wuce wani bai shigo garejinmu ya ce a jona wa motarsa kwamfuta a rage mata shan mai ba. Mun ga ya dace mu yi bayani sau ɗaya kowa ya ji, domin wasu sun fita da fushi da muka ce ba haka nan ake yi ba.

Manhajar aikin mota iri biyu ce. Akwai mai karanta matsala, akwai mai sauya abin da ke rubuce cikin ƙwaƙwalwar mota, wato birenbos. Ta farko muke riƙe da ita kullum, kuma kowane gida da tasa: Techstream ga Toyota, HDS ga Honda, VCDS ga Golf da danginta, PP2000 ga Peugeot 406. Ƙaramar na'urar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ba laifi, amma iyakarta motar da ke jin yaren OBD-II, wato yaren bai-ɗaya da motoci ke magana da na'urar gwaji da shi. A Amurka an wajabta shi daga 1996, a Turai kuwa sai 2001 ga masu fetur. Saboda haka tsohuwar Golf 3 tana iya yi mata shiru, lafiyarta ƙalau.

Ta biyun ce muke taka-tsantsan da ita. Ba sunan mota muke dubawa ba, lambar da ke jikin birenbos muke karantawa, ita ke nuna manhajar da za ta iya buɗe shi. Wasu tsofaffin ba sa karɓar rubutu ta soket sam, sai an narkar da dalma an cire ɗan guntun da ke ajiye bayanan. Duk manhajar da ba ta fara kwafe ainihin fayil ɗin motar mu adana ba, ba ta shiga garejinmu. Kwanakin baya aka jawo mana wata mota da igiya: an loda mata fayil ɗin da aka tsinto a intanet, rubutun ya tsaya a tsakiya, ta ƙi tashi. Sai da mai ita ya je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa neman wani birenbos.

Gaskiyar da ba a son ji kuma ita ce, injin da ba shi da turbo ɗan abin da yake ƙaruwa da shi bai taka kara ya karya ba. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1. A matse man ya yi ƙasa da haka, zafi ya ƙaru, bawul ya ƙone. Yawancin motocin da ake kawo mana da kukan shan mai, sai mu tarar an cire tamostat, mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai-tsaye, injin bai taɓa yin ɗumin da ya kamata ba, ƙwaƙwalwa tana ta zuba mai kamar safiyar hunturu. Ko na'urar shaƙar hayaƙi da ke jikin salansa ta mutu tun ranar da aka kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansar. Ko nozul ya yi datti, fulogi ya cinye.

Don haka daga yanzu duk wanda ya zo neman wannan aiki, za mu fara da gwaji, mu nuna masa sakamakon a fuskar kwamfuta da idonsa. In gyara ya wadatar, a nan za mu tsaya. In kuma aka taɓa birenbos, za mu ba shi kwafin ainihin fayil ɗinsa a filas ya tafi da shi gida.

Ku zo da safe, injin yana sanyi, don mu ga yadda yake ɗaukar zafi.

Mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Mai gareji da yaransa, Kano