Godiya Ga Garejin Da Ya Canza Mani Man Giya Da Filta

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan gareji da dukan ma'aikatansa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuto wannan godiya a bainar jama'a, domin wadda na yi muku da baki ranar da na karɓi mota ba ta kai girman aikin ba. Ina kuma son masu motoci irin tawa su ji yadda ake yin wannan aiki idan ya faɗa hannun waɗanda suka san shi.

Motata BMW Z4 ce ƙirar 2014, mai ƙofa biyu. Giyarta atomatik ce mai hawa takwas, wadda kamfanin ZF na ƙasar Jamus ke ƙerawa da sunan 8HP, kuma danginta ne ake samu a Jaguar F-Type da Dodge Challenger da sabuwar Toyota Supra. Tun da motar ta haura kilomita 100,000 na fara jin wani ɗan fizga idan zan tsaya, lokacin da take saukowa daga giya ta biyu zuwa ta ɗaya, musamman da sanyin safiya. In na sa ribas kuma sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta kama. Duk inda na tambaya amsa iri biyu nake samu. Wasu su ce man giyar nan na har abada ne, ba a taɓa shi. Wasu kuma su ce in dai na kuskura na canza shi a wannan shekaru, to na kashe giyar da hannuna.

Maigida, ku ne kuka fara zaunar da ni kuka yi mani bayanin da ya shiga kaina. Kun ce man giyar atomatik ba santsi kawai yake bayarwa ba. Shi ke kwashe zafi, kuma ƙarfin matsinsa ne ke danne kulocin da ke ciki har giya ta shiga. Zafi kuwa shi ke tsufar da shi, ga shi motar gudu tana saurin dafa man giyarta. Kun nuna mani cewa ZF da kansa, wanda ya ƙera giyar, ya ba da shawarar a canza man tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8, musamman ga motar da ake takawa da ƙarfi. Amma abin da ya sa na bar muku makulli hankalina kwance shi ne maganar da ta biyo baya. Kun ce in kuka buɗe kuka ji man yana warin ƙuna, ko kuka ga ɓarɓashin ƙarfe manya, za ku dakata ku kira ni, domin sabon mai ba ya gyara kulocin da ya riga ya cinye, kuma ba za ku karɓi kuɗina a kan alkawarin da ba ku da ikon cikawa ba. Ba kowane mai sana'a ke faɗa wa mutum iyakar aikinsa tun kafin ya fara ba.

Na gode da kuka bar ni na tsaya a gefe ina kallo. Da aka kwance kaskon da ke ƙasan giyar, babban makanikinku ya kira ni ya nuna mani maganaɗisun da ke cikinsa. Ya dangwala yatsa, ya murza, ya ce in duba. Wani baƙin ƙullu ne mai laushi kamar kwalli, babu ko ƙwaya ɗaya mai kaifi a ciki. Ya ce wannan shi ne cin da ƙarfe ke yi na yau da kullum, giyar lafiyarta ƙalau. Sannan ya zuba tsohon man a wani farin murfi, ya ajiye sabon kusa da shi. Tsohon ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa, sabon kuwa garau yake da ɗan kore-kore, wato ainihin man da ZF ya tanada domin wannan giya. Ya miƙo mani galan ɗin a rufe na karanta da idona kafin a fasa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai masu ganin duk jan man giya ɗaya ne, su ɗura wanda ya zo hannu, alhali kowace giya da kaurin man da aka tsara mata.

A ranar ne na san cewa a wannan giya filtar a jikin kaskon robar take, ba ta fita daban. Wanda ya wanke tsohon kasko da fetur ya mayar, to bai canza filta ba, ko me ya rubuta a rasit. Ku sabon kasko kuka sa, da sabon gasket, wato robar da ke hana yoyo a bakin kaskon, da sababbin notuna. Yaron da ya goge bakin giyar ya yi ta bi da tsumma mai tsabta har sai da ƙarfen ya yi ƙyalli, kuma da zai ɗaure notunan bai dogara da ƙarfin hannunsa ba. Sifana mai awo ya ɗauko, ya saita ta a kan 10 Nm, wato ma'aunin ƙarfin matsa noti, yana bin su ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da ke takarda, don kasko na roba in aka matse shi fiye da kima yakan lanƙwashe ya fara yoyo. Ku gaishe mani da shi, yaron nan zai yi nisa in Allah ya yarda.

Inda na fi jinjina muku shi ne wajen daidaita yawan man. Wannan giya ba ta da gejin da ake zarowa a duba. Ta wata ƙofa a gefenta ake ɗura mai, kuma ta nan ɗin ake gane ya cika. Kun tabbatar motar tana zaune daidai a sama, ba ta karkata gaba ko baya ba. Kuka ɗura har ya fara dawowa, aka tayar da injin, mutum ɗaya ya taka birki yana zagaya giyoyin a hankali, P da R da N da D, yana ɗan dakatawa a kowace, domin man ya ratsa ko'ina. Nan take giyar ta shanye abin da aka zuba, aka ƙara mata. Duk wannan kuwa kwamfuta na haɗe da motar tana nuna zafin man, saboda awon ba ya zama daidai sai man yana tsakanin digiri 30 da 50 a ma'aunin Salshiyas. Mai yana kumbura in ya yi zafi. In aka auna shi da zafi sosai zai malalo da wuri, a rufe a zaci ya cika alhali da saura. In aka auna da sanyi kuma a zuba fiye da kima, ya riƙa kumfa. Ana cikin haka zafin ya wuce iyaka. Ni kaina na ƙagu, ga wasu motoci na jiran layi, kuma da kun rufe a lokacin ba yadda za a yi in gane. Maigida, sai kuka ce a kashe mota a bar ta ta huce. Aka jira, aka sake tayarwa, sai da man ya koma zirara siriri a daidai zafin da ake so sannan aka ɗaure murfin. Wannan jiran da ba wanda ya tilasta muku shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba ku ɓoye mani cewa ba duka tsohon man ya fita ba. Giyar na ɗaukar tsakanin lita 8 da 9, amma wani kaso yana maƙale a cikin konbata, wato na'urar da ke haɗa injin da giyar, da bututan sanyaya mai, don haka sabon zai gauraya da ragowar tsohon. Kun kuma duba robar da wayoyin lantarki ke bi su shiga giyar, wadda kan yi yoyo idan ta tsufa, kuka tarar a bushe take, kuka ce babu dalilin canza ta yanzu. Da kun sa ta a lissafi da na biya ba musu.

Kun ce in tafi da motar a hankali na ɗan lokaci, kada in yi tsammanin komai zai sauya a rana ɗaya. Haka kuwa aka yi. Fizgar nan ta yi ta raguwa har na daina jin ta, ribas yana kamawa nan take, kuma inda nake ajiye motar babu ko ɗigon mai a ƙasa. Da na dawo kuka sake ɗaga ta kuka leƙa bakin kaskon ba tare da kun nemi komai ba, sannan kuka rubuta mani kilomitar da aka yi aikin da irin man da aka zuba a littafin motar, don duk wanda zai taɓa ta nan gaba ya san inda aka kwana.

Na riga na faɗa wa abokaina biyu masu irin wannan giya su kawo muku nasu, ni ma kuma ina nan tafe da maganar man difaransha, wato na'urar da ke raba ƙarfin injin ga tayoyin baya, da kuka ce lokacinsa ya kusa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya albarkaci hannuwan yaran da kuke koyarwa.

Naku mai godiya,
Mai Z4 ɗin nan da kuka hana shi gaggawa.